Tokar Littafin Ustaz Antun

Kwana talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Ustaz Antun, amma motar Badaru ba ta yarda da zancen ba. Duk lokacin da ya hau titin Abhur, a arewacin Jidda, ya iso kwanar ƙarshe kafin bakin teku, sai ƙarar nan ta tashi, tin-tin-tin, irin wadda mota ke yi idan mutum ya zauna a gaba bai ɗaura bel ba. Kuma ba kowa a kujerar. Sau biyu yana kai ta gareji. Bakaniken, wani ɗan Yaman, ya ɗaga kujerar, ya hure wayoyi, ya ce lafiyarta lau. Daga baya sai Badaru ya saba miƙa hannu ya ɗaura wa kujerar bel ita kaɗai, ƙarar ta yi shiru. A daidai kwanar nan tsohon yake kwance nasa kullum, wai shi ba ya son ya gaida teku a ɗaure.

A unguwar Sa'alaba ta Jidda aka haifi Badaru. Kakanninsa daga Sudan suka ƙetaro, su ma iyayensu daga ƙasar Hausa suka taso a ƙasa da niyyar hajji. Yana aji biyu na sakandare ya ajiye jaka bai koma ba. Ya yi dako a Tashar Jiragen Ruwa, ya yi wankin mota, ya raba ruwan sha gida-gida, ba inda ya cika shekara. Mahaifiyarsa, Inna Mastura, takan ce ƙafarsa ta fi kansa saurin yanke shawara. Aiki ɗaya ne ya riƙe shi shekara biyu cur, shi ne tuƙa wannan tsohon.

Ustaz Antun mutumin Labanan ne, Kirista ɗan Katolika. Shekara arba'in ya yi yana koyar da falsafa da ilimin sanin Ubangiji irin na addininsu a wata jami'ar Katolika a can ƙasarsu. Da matarsa ta rasu, idonsa kuma ya fara tafiya, sai ɗansa Hatim, injiniya a nan Jidda, ya ɗauko shi ya ajiye a gidansa na Abhur. Aikin Badaru mai sauƙi ne: bayan la'asar ya kai tsohon bakin teku, ya tsaya a inuwa, ya dawo da shi bayan magariba.

Wata biyu suna haka, sai wata rana tsohon ya juyo da fararen idanunsa ya ce, "Ya ibni, ɗana, ka iya rubutu?"

"Na iya, Ustaz. Karatun ne dai ba mu shirya ba."

"Madalla. Waɗanda suka shirya da shi sun ishe ni."

Ya zaro littafin rubutu mai baƙin bango daga aljihun rigarsa. Ya ce yana da wani littafi da ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubutawa. Kashi biyu na farko suna hannun 'yarsa Dalal a Bairut, an riga an buga su a na'ura. Kashi na uku ne ya rage, ga shi ido ya ƙi. Ba ya son magana da waya, ya ce waya ba ta ɗaga gira idan mutum ya yi shirme.

Badaru ya riƙe biro, amma ya ce, "Ustaz, ka san ni Musulmi ne. Abin da kuke faɗa a kan Annabi Isa, hannuna ba zai rubuta ba."

"Wannan yana kashi na farko, Dalal ta ɗauke maka nauyinsa. Na ukun kan karatu ne. Me ya sa ɗan Adam zai koyi abin da ba zai ci abinci da shi ba?"

"Ai wannan ko ni zan amsa maka. Bai kamata ba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Rubuta wannan. Da shi za mu fara."

Haka salon rubutunsa yake, ya ce kuma haka malaman jami'o'insu na dā suke yi. A kafa tambaya. Sannan a kawo hujjar mai musu, mafi ƙarfinta, ba a rage mata komai ba. Sai bayan nan marubuci ya ce, ni kuwa na ce, ya kawo tasa. Ya ce duk wanda ya raunana hujjar abokin gardamarsa kafin ya amsa ta, ɓarawo ne. Tun daga ranar, mai musun littafin ya zama Badaru. Shafi bayan shafi yana rubuta "Direba ya ce" da hannunsa.

Sun bi fannonin nan bakwai da tsohon ke kira matakalar ɗa mai 'yanci: nahawu, da manɗiƙi, da balaga, da lissafi, da awon fili, da kiɗa, da ilimin taurari. Sun fi daɗewa a kan kiɗa, don a nan suka fi faɗa. Tsohon ya ce hankali da imani ba abokan gaba ba ne, 'ya'yan gida ɗaya ne, tunda wanda ya ba da wannan shi ya ba da wancan. Badaru ya ce ya ga masu hankali da yawa a tashar jirgi suna cutar marasa shi. Aka rubuta wannan ma. Idan ladan ya kira magariba, tsohon ne ke fara cewa, "Yalla, je ka yi sallarka, ni zan yi gadin mota."

"Makaho da gadi, Ustaz?"

"Ɓarawon ai bai sani ba."

Da yake ba ya gani, kullum kafin su ci gaba sai Badaru ya karanto masa babin tun daga farko. Wani babin an karanta shi sau talatin. Badaru kuwa karatu a bayyane iri ɗaya ya iya, irin na makarantar Malam Bawa inda ya haddace izu ashirin yana yaro: da jan murya, da rausaya jiki gaba da baya. Tsohon yakan ce bai taɓa jin rubutunsa da daɗi haka ba.

Sun cika littafin rubutu biyu, a na uku suka iso tambayar ƙarshe: idan mai ilimi ya mutu, akwai abin da ke saura daga iliminsa? Ranar teku ta kwanta lum, ba iska.

"To, direba, kawo taka. Kada ka ji tausayina."

Badaru ya daɗe yana kallon hannayen tsohon, sannan ya ce, "Ka yi shekara sittin kana karatu. Ga shi idon ya tafi, gobe kai ma ka tafi. Ni da na gudu daga aji biyu, da kai, ramin da za a haƙa mana tsawonsa ɗaya. Abin da ke kanka tare za a rufe ku. To me ya ƙara maka?"

"Kai! Wannan ta fi duk na ɗalibaina. Rubuta, kada ka canza ko harafi." Ya jira har biro ya tsaya. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa kamar yadda ya saba. "Ni kuwa na ce..."

Badaru ya rubuta, ya tsaya yana jira. Tsohon yakan yi shiru mai tsawo idan yana neman kalma, don haka bai ɗago ba. Ya fi minti biyar yana kallon takardar. Da ya ɗago, yatsan ya sauka a kan gwiwa, baki a ɗan buɗe, fuska tana kallon teku.

Hatim ya raka gawar zuwa Labanan cikin kwana uku. Shi a ganinsa littafin wasan tsufa ne, bai ko tambaya ba. Amma tun da daɗewa tsohon ya sa Badaru ya yi masa alkawari: littattafan nan uku, hannun Dalal kaɗai. Ta bugo waya ta ce za ta zo bayan arba'in ta kwashe kayan mahaifinta. Badaru ya zuba su a kwalin dabino, ya kai gida Sa'alaba, ya tura ƙarƙashin gadonsa kusa da takalma. Kullum yana cewa gobe zai ɗauki hotunan shafukan a waya. Amma ko taɓa kwalin ba ya son yi, don shafin ƙarshe yana ciki.

A rana ta talatin da uku aka yi wani gagarumin ruwan sama na watan Nuwamba. Cikin sa'a biyu titunan Jidda suka zama koguna. Badaru ya kai wani fasinja arewa, hanya ta rufe a bayansa, ya kwana biyu a wurin wani abokinsa mai gadin gidan shaƙatawa a Abhur. Ya kira Inna, ta ce ruwa ya shigo ɗakunan ƙasa har idon sawu amma kowa lafiya. Ya yi hamdala. Kwalin bai faɗo masa a rai ba.

Da hantsin rana ta uku ya iso gida. Katifu a jere jikin katanga, lungu yana warin masai, don ruwan ya taso da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tun daga ƙofa ya ga hayaƙi siriri yana tashi daga saman gida.

Duk Sa'alaba an san Inna Mastura da abu ɗaya. Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar sunan Allah a rubuce kamar yadda ta san fuskokin 'ya'yanta. Idan tana tafiya idonta na ƙasa. Guntun jarida, katin biki, tsohuwar kalanda, takardar da aka naɗe gyaɗa, duk wadda ta ga sunan a jiki sai ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe, ta sa a jaka. Idan suka taru ta ƙona su a wani tsaftataccen kwanon ƙarfe da ba a yin komai da shi sai wannan, ta juye tokar a gwangwanin madara, ranar da ta samu mota ta kai teku. Haka ta ga uwarta tana yi a bakin kogi a Sudan.

Badaru ya hau matakala bibbiyu. Tana tsugune gaban kwanon da sanda a hannu. A gefenta baƙaƙen bango guda uku, an yage cikinsu.

"Inna! Me kike ƙonawa?"

"Sunan Allah nake ceto, Auta." Ba ta ko juyo ba. "Kai da girmanka, ka ajiye shi ƙarƙashin gado tare da takalma, har ruwan masai ya hau kansa. Kowane shafi na buɗe sai na gan shi, wani sau biyar. Da hannunka kuma ka rubuta. Jiya wuni na yi ina shanya su ina kuka."

Ya durƙusa ya sa hannu cikin kwanon. Wuta ta lashe masa yatsu. Abin da ya fito da shi ya marmashe tun kafin ya kai shi gaban ido.

"Ba nawa ba ne, Inna. Na Ustaz ne. Na Kiristan nan da nake tuƙawa."

Ta ajiye sandar. "Sunan ne na Kirista?"

"Littafin."

"To ni ba littafi na gani ba."

"Amana ce ya bar mini. 'Yarsa za ta zo karɓa nan da kwana biyar. Babu wani kwafi a duniya, Inna. Babu."

A nan ne fuskarta ta sauya. Ta dubi kwanon, ta dubi hannunta, ta zame ta zauna a kan siminti mai zafi. "Amanar mamaci na ƙona?" Muryarta ta koma ƙarama. "Innalillahi. Auta, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Tsoro ne ya hana shi faɗa mata tun farko, kada ta ce ya shigo mata da littafin wani addini gida. Su biyu suka zauna suna kallon hayaƙin har ya mutu.

Kwana biyu bai ɗaga wayar Dalal ba. Ya shirya ƙarya mai sauƙi, ya ce ambaliya ta tafi da su, wa zai musa? Ya kuma yi tunanin ya kashe wayar ya tafi Makka wurin yayansa har matar ta gaji ta koma. Tafiya dai ita ce abin da ya fi iyawa. Ya ma sha mai. Amma da ya hau titi bayan la'asar, sai ya tarar da kansa a hanyar Abhur.

A kwanar ƙarar ta tashi. Hannunsa mai ƙuna yana naɗe da tsumma, bai miƙa shi ba. Tin-tin-tin. Sai ya ji murya a cikin motar tana cewa, "Tambaya ta farko: ko ya dace ɗan Adam ya koyi abin da ba zai ci abinci da shi ba?"

Ya taka birki har motar bayansa ta yi masa ham. Ya gangara gefe ya tsaya. Muryarsa ce. Bakinsa ne ke motsi, jikinsa yana rausayawa gaba da baya, maganar tana zubowa layi bayan layi ba tare da ya nemo ta ba. Ya yi a'uziyya, ya kama bakinsa da hannu. Da ya saki, ta ɗora daga inda ta tsaya. Abin da ya fi tayar masa da tsigar jiki shi ne, a tsakiyar shafi na huɗu ya yi tari sau biyu, busasshe, alhali maƙogwaronsa lafiya lau. A daidai wurin tsohon yake tari kullum.

Ya koma gida ya faɗa wa Inna, yana tsammanin za ta aika a kira mai ruƙiyya. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ba aljani ba ne. Kayan mutane ne a kanka, suna son a sauke su. Ranar da matar ta zo, tare za mu."

Dalal mace ce mai kimanin shekara hamsin, furfura ta fara cin gashinta, abayar da ta aro daga matar Hatim ta yi mata tsawo. A jami'ar da mahaifinta ya koyar take koyar da tarihin kiɗa. Ta tarbe su a falon gidan Abhur, akwatunan littattafan tsohon a jere a bayanta. Idonta na kan hannun Badaru, tana neman kwali. Sai Inna ta wuce gabansa, ta ajiye gwangwanin madara a kan teburin gilashi, ta buɗe murfin.

"Ga littafin babanki, 'yata," ta ce da Larabcinta na Sudan. "Ni na ƙona shi. Ba yaron nan ba."

Badaru ya yi bayani, kansa a ƙasa: ruwan, da masai, da sunan, da kwanon. Bai ɓoye cewa shi ya tura kwalin ƙarƙashin gado ba. Dalal ba ta yi ihu ba. Ta leƙa cikin gwangwanin ta daɗe.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce. "Kwana talatin suna hannunka, da waya a aljihunka. Ko hoto ɗaya?"

"Ko ɗaya, Dakta."

"Don Allah ku tafi."

Inna ta kama hanyar ƙofa. Badaru bai motsa ba. Ya zauna a ƙasa kan darduma, ya naɗe ƙafafu, ya rufe ido ya fara. Tambaya ta farko. Direba ya ce. Ni kuwa na ce.

"Me kake yi? Tashi!" in ji Dalal. "Ina zan san ba ƙirƙira kake ba?"

Ya tsallake zuwa babin kiɗa. "Ni kuwa na ce, 'yata tana shekara shida muka fito daga coci ranar tunawa da matattu, ta ja hannuna ta ce, Baba, me ya sa kiɗan ya sa Mama kuka alhali bai ce komai ba? Na ce zan amsa mata idan mun je gida. Yau shekara arba'in da huɗu ban je gida ba." Ya yi tari sau biyu.

Dalal ta dafa bayan kujera. Ba ta taɓa ba kowa wannan labarin ba, ita kanta ta kusa mantawa. Tarin kuwa ta san shi tun tana goye. Ta shiga ɗaki, ta fito da kwamfuta.

"Daga farko," ta ce. "A hankali."

Kwana shida suka yi. Daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, shi a ƙasa yana rausayawa, ita tana bugawa, Inna a kusurwa da carbi tana gyangyaɗi. Inda ya kakare sai ya koma farkon babin ya sake taho da gudu, kamar yadda ake yi a gaban Malam Bawa, har kalmar ta faɗo. Wurare uku suka ƙi dawowa sam, duk a babin awon fili, inda bai taɓa gane abin da yake rubutawa ba. Ya ce ta bar gurbi. Ya lura kuma duk babin da ya sauke, idan ya neme shi washegari sai ya ji ya yi nisa, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

A rana ta shida suka iso tambayar ƙarshe. Ya karanto hujjarsa ta ramin da tsawonsa ɗaya, kunya tana cin sa, ga 'yar mamacin tana buga kowace kalma.

"Ni kuwa na ce," in ji Badaru.

Ta buga. Ta jira, yatsunta a saman madannai. "Na'am? Ci gaba."

"Nan ya tsaya, Dakta. Nan ya cika."

Ta cire gilashinta. "Ba zai yiwu ba. A tsarinmu ba a taɓa rufe littafi da hujjar mai musu ba amsa. Shekara biyu kuna tare, dole ya taɓa faɗa maka wani abu. A mota, ko a wasa."

Gaskiyar ita ce akwai amsa a bakin Badaru. Tun ranar da karatun ya fara zubo masa, duk lokacin da ya iso wannan wurin sai ya ji sauran yana biyowa, jimla huɗu, da salon tsohon, da dariyarsa a ƙarshe. Suna da kyau ƙwarai. Amma bai taɓa rubuta su ba, bai taɓa karanto su a bakin teku ba.

"Akwai abin da nake ji," ya ce. "Da muryarsa yake zuwa. Amma bayan rasuwarsa ya fara zuwa. Ban sani ba ko nasa ne ko nawa."

"Faɗa mini. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani." Ya buɗe tafin hannunsa na hagu kamar mai jiran bulala. "Inda na yi karatu, idan ka manta a yi maka uzuri. Idan ka ƙara ko harafi ɗaya a kan abin da aka ba ka, ranar ba za ka iya riƙe cokali ba. Shi ma haka ya ce mini, kada ka canza ko harafi. Halas, magana ta ƙare, Dakta. Abin da ya ba ni ke nan."

Ta dube shi da fushi, sannan fushin ya karye. Ta yi wata dariya da hawaye a ciki, dariyar ubanta sak. "Shekara arba'in bai taɓa barin kowa ya yi maganar ƙarshe ba. Yanzu ya bar wa direbansa. Ɗalibansa za su haukace." Ta mayar da gilashin. "Cikakken sunanka? Ba zan buga littafi da mai musu marar suna ba."

"Badaru Adamu."

Ta buga shi a ƙasan shafin, ta bar sauran fari.

Bayan la'asar ya kai su bakin teku, matan biyu a baya, gwangwanin a cinyar Inna. A inuwar da ya saba tsayawa suka sauka. Inna ta tattare zane ta shiga ruwa har ƙauri, ta yi bisimilla, ta miƙa wa Dalal gwangwanin su riƙe tare. Tokar ta kwanta a kan ruwa kamar mayafi, igiya ta ɗaga ta, ta tafi da ita. Dalal ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu tana motsa leɓe. Inna ta ga ta yi, ta kau da kai ta ci gaba da nata. Da suka fito Dalal ta riƙe mata hannu don duwatsun suna da santsi.

Washegari Badaru ya kai Dalal filin jirgi. Daga can aka kira shi ɗaukar wani fasinja a Abhur. Yana tafe yana laluben kansa, babi bayan babi, duk sun yi shiru. Jimlolin nan huɗu ne kawai suka rage, suna zaune daram inda suke.

Ya iso kwanar. Tin-tin-tin.

Hannunsa ya tafi wajen bel ɗin don sabo, ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi kan sitiyari, ya sauke gilashin ɓangaren kujerar yadda iskar teku za ta shigo, ya rage gudu.

"Ina jin ka, Ustaz," ya ce. "Ƙarasa."

Ƙarar ta ci gaba, shi kuma yana saurare, har ruwan ya bayyana a gabansu.